Tambaya: wai New Nigerian jaridar Sardauna ce ko ta gwamnati?

Almajirin_Tarihi

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin tarihi da tsofaffin 'yan jarida in akwai su a nan ku taimaka min. Jiya muka yi wani musu da abokin aikina har muka kusa ɓatawa, shi ya dage wai New Nigerian jaridar Sardauna ce, tasa ce ta kansa kamar yadda Tribune take ta Awolowo ita kuma West African Pilot take ta Zik wato Nnamdi Azikiwe, ni kuma na ce masa a'a gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta da kuɗin jama'a, sai ya kalle ni ya ce to ai a lokacin Sardauna shi ne gwamnatin, gwamnatin ita ce Sardauna, mene ne bambancin? Wallahi nan na yi tsit don ba ni da amsa a kusa.

Kuma abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Ya ce duk jaridar da ke da alaƙa da wani babban mutum a siyasa to ba jarida ba ce, maroƙiya ce kawai, sai dai ita da injin bugu take nata roƙon. Ni dai na ji maganar ta yi nauyi amma na kasa ƙaryata shi. Shin haka abin yake? Akwai jaridar da ta taɓa kasancewa a hannun babba kuma ta iya faɗa masa gaskiya?

Baba_Mai_Ritaya

Wa alaikumus salam ɗana. Kai ne da gaskiya a ta farko, amma abokin naka ma bai yi ƙarya duka ba, bari in yi maka dalla-dalla don ni na karanta jaridar nan tun ina saurayi.

Abu na farko da mutane ke mantawa shi ne kwanan wata. Bugun farko na New Nigerian ya fito ne ran 1 ga Janairu 1966 a Kaduna, su Manjo Nzeogwu kuma suka kashe Sardauna a gidansa ran 15 ga wannan watan dai. Ka lissafa da kanka, sati biyu ke nan, Allah ya jiƙansa. To mutumin da ya rayu da jarida sati biyu kacal yaushe har ya samu lokacin juya ta yadda yake so? Duk sunan da New Nigerian ta yi, duk tsoron da ake ji na sharhinta na shafin farko, bayan rasuwarsa aka yi shi.

Amma ƙudurin kafa ta kam nasa ne da gwamnatinsa, wannan babu musu, kuma akwai dalili. Ka koma 1953 lokacin da Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisa a Legas, Sardauna ya ce a'a a sa sai lokacin da ya dace, me ya biyo baya? Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi, jaridun Legas suka yi musu ca ana kiransu 'yan amshin shatan Turawa, su kuma ba su da wata jarida ta kullum mai ƙarfi da za su mayar da martani a cikinta, abin da har ya kai ga rikicin Kano a watan Mayu na shekarar. Wannan ciwon bai bar zukatan mutanen nan ba. Abin da ake da shi a lokacin Gaskiya Ta Fi Kwabo ce wadda ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, sai Nigerian Citizen ta Turanci da ta zo a 1948, duka daga Zariya, kuma Citizen ba kullum take fita ba, ina za ta iya da Pilot da Daily Times? Don haka kamar yadda aka kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 da jami'ar Zariya a wannan shekarar, haka aka ga dole a yi jarida ta kullum da injina na zamani. Bature ne ma ya fara riƙe ta, Charles Sharp, sannan Adamu Ciroma ya zama edita, bayansa Mamman Daura, sai su Turi Muhammadu.

Bambancin da abokinka ya ce babu, ga shi nan: Tribune Awolowo ya kafa ta a Ibadan a 1949, ya rasu a 1987 ta ci gaba a hannun iyalinsa har gobe. New Nigerian kuwa iyalan Sardauna ba su gaje ta ba, da aka raba Arewa zuwa jihohi a 1967 ta zama ta jihohin, a 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe ta gaba ɗaya a lokacin da ta karɓi kashi 60 na Daily Times, daga baya can kuma aka sake mayar wa gwamnonin Arewa. Abin mutum ba a yawo da shi haka daga hannu zuwa hannu.

Ummu_Hanan

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Amma gaskiya ni wannan bai kashe min tambaya ta biyu ba. In Sardauna bai juya ta ba ai waɗanda suka zo bayansa sun juya, ko? Tunda ba ga Adamu Ciroma nan ba, bayan ya bar kujerar jarida ya zama gwamnan babban banki a 1975, ya nemi takarar shugaban ƙasa a NPN tare da su Shagari da Maitama Sule, can a 1999 ya zama ministan kuɗi. To mutumin da ke kan wannan hanyar za ka ce min ɗan jarida ne zalla? Ni a ganina manyan ne dai ke magana da junansu ta cikin takarda mu kuma muna saye muna karantawa.

Tsohon_Wakili

Hajiya kin taɓa wurin da ke ciwo. Ni na yi aikin nan shekaru, na yi wakili na yi zaman tebur a ɗakin labarai, bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki don mutanen waje suna zaton kullum mai jarida yana ɗaga waya yana cewa ku rubuta kaza ku cire kaza. Wallahi da wuya hakan ke faruwa. Ba ya buƙata. Abin da yake yi shi ne ya zaɓi edita, shi ke nan ya gama aikinsa, editan ya san abin da maigida ke so da wanda ba ya so, na ƙasa da edita ya san fuskar edita, kai wakili kuma bayan an jefar maka da labari biyu uku a kwandon shara ba wanda zai sake koya maka, da kanka za ka daina kawowa.

Ni ya faru da ni a wata jarida da ba zan faɗi sunanta ba. Na yi kusan wata guda ina bin wata kwangila da aka biya kuɗi ba a yi aikin ba, na samu takardu na ji ta bakin kowane ɓangare, na kawo, edita ya karanta ya ce aiki ya yi kyau, ya sa a aljihun tebur. Kwana uku shiru, da na tambaya sai ya ce min a hankali, Malam ka san kamfanin nan na wane ne? Ashe na surukin maigida ne. Bai ce kar a buga ba fa, cewa ya yi a ƙara bincike, to har na bar wurin ana ƙara bincike. Kuma abin da zai ba ku mamaki a satin nan ɗin muka buga wani labari irinsa sak a shafin farko a kan mutumin ɗaya jam'iyyar, kuma shi ma gaskiya ne ba ƙage ba. To kun ga inda matsalar take, abin da suke bugawa sau da yawa gaskiya ne, abin da ba su buga ba shi ne ba za ka taɓa sani ba.

Amma in ce duk maroƙa ne, a'a ban yarda ba, don akwai waɗanda suka ƙi. Ku duba Concord ta Abiola, ya kafa ta a 1980 yana cikin NPN kuma kowa ya san da Tribune da Awolowo aka zo yi, har ta Hausa ya yi mai suna Amana. A 1992 mujallarsu African Concord ta yi wani rubutu mai zafi a kan Babangida, soja suka rufe gidan, Abiola ya nemi editan Bayo Onanuga ya ba da haƙuri, mutumin ya ce ba zai ba da ba ya ajiye aiki, shi da abokansa suka je suka kafa TheNews. Ka ga a nan maigida ya sunkuya amma edita ya ƙi. Sai dai kuma duniya juyi-juyi, shi wannan Onanugan shi ne ya zo ya zama mai magana da yawun shugaba Tinubu, sai ku yi hukunci da kanku.

Wani kuma da nake yawan tunawa shi ne Alex Ibru mai Guardian. Ya karɓi ministan cikin gida a gwamnatin Abacha a 1993, mutane suka ce shi ke nan Guardian ta mutu an saye ta, sai ga shi a 1994 gwamnatin da yake minista a cikinta ta rufe jaridarsa, a 1996 kuma aka harbe shi a Legas da ƙyar ya sha. Wato kusanci da mai mulki bai sa jaridar ta yi shiru ba kuma bai kare shi ba.

Dalibi_A_Waje

Salam. Ni dai bari in fitar da ku daga Najeriya kaɗan don misalin da ya fi kowanne a wurina yana Masar, wato Jamal Abdunnasir da Muhammad Hasanain Haikal. Al-Ahram tsohuwar jarida ce tun 1875 wasu 'yan'uwa biyu daga Labanan suka kafa ta a Iskandariyya, ba Nasir ya kafa ta ba, amma daga 1957 da Haikal ya zama babban edita har 1974 ta koma kamar bakin shugaban ƙasa. Duk ranar Juma'a yana da rubutu mai suna Bisaraha, jakadun ƙasashe da 'yan jaridar duniya jira suke ya fito su karanta don su gane me Nasir ke tunani, saboda an san mutanen nan biyu kusan kullum suna magana, har jawabin murabus ɗin da Nasir ya yi bayan kayen yaƙin 1967 Haikal ne ya tsara shi. A 1960 kuma dama gwamnati ta riga ta ƙwace manyan jaridun ƙasar.

To ga abin lura, wannan kusancin shi ya ba Al-Ahram ƙarfin da babu wata jaridar Larabci da ke da shi a lokacin, tana samun labarin da wasu ba sa samu, kuma Haikal yana iya taɓa wasu manya har da jami'an tsaro saboda kowa ya san bayan wa yake, ya tara manyan marubuta a gidan. Amma mutum ɗaya ne ba a taɓawa, wanda ya ba shi rigar. Da Nasir ya rasu a 1970 Sadat ya hau, suka ɗan tafi tare, suka saɓa bayan yaƙin 1973, a 1974 aka cire shi daga kujerar kamar ba a taɓa yinsa ba, a Satumban 1981 ma har kurkuku Sadat ya jefa shi tare da ɗaruruwan mutane. Ƙarfin dama aro ne, mai abu ya tafi aka karɓe.

Kuma kar wani ya ce ai wannan halin Afirka ne ko na Larabawa. Beaverbrook mai Daily Express a Ingila aminin Churchill ne, a 1940 ya ba shi ministan ƙera jiragen sama na yaƙi. Nehru ya kafa National Herald a Indiya a 1938, Nkrumah ya kafa Accra Evening News a 1948. Jaridar The Sun ta Murdoch ta juya ta goyi bayan Tony Blair a zaɓen 1997, kuma daga baya da badaƙalar satar sauraren wayoyi ta fashe a 2011 har kwamitin bincike aka kafa aka kira tsofaffin firaministoci suna bayanin irin zaman da suke yi da masu jaridu.

Injiniya_Sule

Ni fa ina ganin kuna yi wa mutanen farko rashin adalci in kuka haɗa su da na yanzu a kwando ɗaya. Lokacin da Zik ya kafa West African Pilot a 1937 ba shi da mulki ba shi da baitulmali, Bature ne ke mulki, jaridar ita ce makaminsa. Kafin nan ma a Accra yana editan African Morning Post an gurfanar da shi kan zargin tunzura jama'a sai a ɗaukaka ƙara ya tsira, a 1945 lokacin babban yajin aikin ma'aikata Turawa suka haramta Pilot da Comet. Wannan maroƙi ne? Wa yake roƙa? Kuma kar ku manta Comet ɗin nan ta Zik da ta koma Kano ita ce ta ba 'yan NEPU fili suna faɗin abin da ba za su iya faɗa a jaridar gwamnati ba, wato jaridar wani babba ce ta zama mafakar masu adawa da wani babban.

Inda abin ya lalace shi ne bayan an hau kujera. Zik ya zama firimiyan Gabas, sai ga maganar bankin African Continental da aka zuba kuɗin gwamnatin yankin a ciki alhali yana da alaƙa da bankin kuma bankin na ba kamfanoninsa bashi, har aka kafa kwamitin Foster-Sutton a 1956. To Pilot za ta binciki wannan? Ina! Jarida ɗaya mutum ɗaya, amma jiya tana cizon mai mulki yau mai ita ne mai mulkin. Shi ya sa ni in an ce min jaridar wane ce tambayata ta farko ita ce yana sama ne yanzu ko yana ƙasa, in yana ƙasa karanta ta da kyau za ka samu abubuwa, in ya hau to nemi ta abokin hamayyarsa.

Almajirin_Tarihi

Kai jama'a na gode ƙwarai, wallahi na ƙaru fiye da yadda na zata, musamman maganar sati biyun nan ban taɓa haɗa kwanakin ba. Baba dan Allah saura maganar Hajiya Ummu Hanan ba ka amsa ba, ni ma tana ci na. In ba Sardauna ba to wa New Nigerian take yi wa magana a shekarun da ake tsoronta?

Baba_Mai_Ritaya

Ɗana ban gudu ba, ido ne ya gaji na ɗan ajiye wayar. 'Yata Ummu Hanan kin yi gaskiya rabi, kuma ba zan ɓoye ba don ina son jaridar. Ba mutum ɗaya take yi wa magana ba, wani rukuni ne na 'yan bokon Arewa, manyan ma'aikatan gwamnati da irinsu waɗanda suka taso a inuwar Sardauna suka ga an kashe shi da Tafawa Ɓalewa dare ɗaya suka ji kamar an bar su marayu, su ne daga baya jaridun kudu suka laƙaba wa suna Kaduna Mafiya. Ra'ayinsu ne ke fita a sharhin nan, shi ya sa ma ake karanta shi a Dodan Barak, fadar shugabannin soja a Legas, da ofisoshin jakadanci, ba don daɗin Turancin kawai ba, don an san in New Nigerian ta ce abu to ba yaro ne ya zauna ya rubuta ba. Kuma har yau akwai mutanen kudu da ke zarginta da zuga wutar da ta tashi a 1966 bayan dokar Ironsi ta haɗe ƙasa, wannan ma a faɗe shi.

Amma inda na rabu da ke shi ne, saboda ba ta da maigida guda ɗaya mai rai da zai kira edita, editocin farko sun samu wani sarari da na Pilot da Tribune ba su samu ba. Gwamnonin soja shida ne ke da ita bayan 1967, abin da mutum shida suka mallaka kuwa ba wanda ke iya riƙe shi shi kaɗai, don haka takan soki gwamnatin Gowon kanta, kuma akwai wani shafi na Candido da ke fita da sunan ɓoye wanda manya ke buɗewa da fargaba ko yau su aka taɓa. Sunan Sardauna ya zame mata garkuwa, shi kuma ba ya nan balle ya nemi a biya shi.

Abin da ya kashe ta ba soja ba ne ba kuma Sardauna ba ne. Da gwamnatin tarayya ta karɓe ta sai ya zama naɗin shugabanninta daga sama yake zuwa, kowace gwamnati ta zo da nata, mai karatu kuma ba wawa ba ne yana gane ranar da murya ta canza. Da aka mayar wa gwamnoni goma sha tara kuma sai kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido wa zai biya, ma'aikata suka yi ta bin bashin albashi, 'yan fansho suka yi ta zarya. Ana cikin haka Weekly Trust ta fito a 1998, Daily Trust ta biyo a 2001, suka kwashe masu karatun.

Ka gaya wa abokin naka ya je ɗakin ajiye tarihi na Arewa House a Kaduna, wanda dama tsohon gidan Sardaunan ne, ya nemi tsofaffin bugu na wajen 1968 zuwa 1974 ya karanta sharhin shafin farko guda goma kawai, in ya dawo yana nan a kan maroƙiya ce to ka zo ka gaya min wanne ya karanta.

Ummu_Hanan

To Baba na ji, rabin ma na karɓa. Amma Malam Tsohon Wakili kai nake jira, labarin kwangilar nan har yanzu takardun suna hannunka ko ka bar su a aljihun teburin?